Kano zuwa Jidda: yadda kilomita 3,400 suke zama awa huɗu da rabi, wani lokacin kuma bakwai

Duk sanda lokacin Umara ya matso, tambaya ɗaya ce take yawo a ofisoshin masu sayar da tikiti a Kano: awa nawa ne zuwa Jidda? Wani ya ce huɗu, wani ya ce shida da rabi, wanda ya dawo kwanan nan ya rantse cewa a dawowa ko awa uku ba su yi ba. Abin mamaki, duk cikinsu babu maƙaryaci. Kowa da abin da yake ƙirgawa. Akwai nisan da ke tsakanin garuruwan biyu, akwai tsawon hanyar da jirgi yake bi a zahiri, akwai lokacin da yake yi a sama, akwai kuma lokacin da aka buga a tikiti, kuma waɗannan huɗun ba abu ɗaya ba ne.

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe ba karkata. Zuwa Madina ya ɗan ɗara haka, wajen 3,550. Wannan nisan ana auna shi ne a bisa doron duniya mai lanƙwasa, kamar a ɗaura zare a kan ƙwallon taswira daga wannan gari zuwa wancan a ja shi ya yi tsam. A tafiye-tafiyen da suka yi arewa sosai, irin na Turai zuwa Amurka, wannan layin yana fitowa a lanƙwashe a shimfiɗaɗɗiyar taswira har mutum ya zaci matuƙi zagaye yake yi. A tafiyar Jidda bambancin kaɗan ne, domin garuruwan biyu ba su yi nisa da tsakiyar duniya ba. Layin yana barin Kano ta gabas maso arewa, a kusurwar digiri 68 daga arewa, wato kusan daidai alƙiblar da masallatan birni suke fuskanta. Yana ratsa Jigawa da Yobe, ya gutsiri kudu maso gabashin Nijar ta wajen Tafkin Chadi, ya keta Chadi, ya shiga arewacin Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya.

A kula da ma'auni, domin nan mutane da yawa suke rikicewa idan sun duba intanet. Za a ga 3,400, a ga 2,100, a ga 1,850, duk a kan tafiya ɗaya. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin na mota, kowane ɗaya kilomita 1.609. Na uku mil ne na teku, wanda matuƙa jirgi suke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Wanda ya ɗauki mil ya raba da gudun da aka bayar da kilomita zai fito da awa biyu da rabi, ya yi ta musu a kai.

Manyan jiragen fasinja suna tafiya a sama da gudun kilomita 830 zuwa 900 a awa. Boeing 737 da Airbus A320 suna ɓangaren ƙasa na wannan adadi, A330 yana tsakiya, Boeing 747 da 777 da 787 suna sama. Amma jirgi ba ya yin wannan gudu tun daga tashi har sauka. Yana buƙatar minti 20 zuwa 25 kafin ya kai ƙafa 35,000 ko sama da haka, ya danganta da nauyinsa, kuma ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'ida ta taƙaita gudunsa zuwa wajen kilomita 460 a awa. A sauka ma haka. Matuƙa suna lissafin mil uku na teku ga kowace ƙafa dubu da za a sauko, don haka jirgin da ke ƙafa 36,000 yana fara gangarowa tun saura kimanin kilomita 200, yana rage gudu sannu a hankali. Jirgin Kano da zai sauka Jidda yakan fara gangarowa ne tun yana bakin gaɓar Sudan ko a kan teku.

Saboda haka akwai lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi a waya: a raba kilomita da 850, a ƙara rabin awa. Jidda: 3,400 a raba da 850 ya ba da awa huɗu, a ƙara minti 30, awa huɗu da rabi. Legas tana da nisan kimanin kilomita 830 ta sama, awa ɗaya ke nan, da ƙarin rabin awa ya zama ɗaya da rabi. Abuja kimanin kilomita 365 ce, minti 26 a lissafi, amma tafiyar takan kusanci awa guda. A nan ake gane cewa nisa da lokaci ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Jidda ta ninka Abuja sau tara a nisa, amma a lokaci ba ta kai sau biyar ba. A gajeriyar tafiya, hawa da sauka su ne suke cinye yawancin lokacin. Jirgin Abuja yana gama hawa ba da daɗewa ba zai fara shirin gangarowa, shi ya sa ma'aikatan ciki suke rabon ruwa da biskit a gurguje.

Wannan rabin awar da aka ƙara ita ce take ɗaukar hawa da sauka da wani ɓangare na tafiyar ƙasa. Lokacin da kamfani yake bugawa a tikiti yana farawa ne daga sanda aka cire abin tokare taya, jirgi ya motsa daga inda yake a fake, ya ƙare sanda ya tsaya cak a wancan filin. Turawa baya, kunna injuna, gangarawa zuwa bakin titi, jiran izini daga hasumiya, duk a ciki suke. A Kano wannan ba ya ɗaukar lokaci sosai saboda jirage ba su da yawa. A Jidda, musamman a goman ƙarshe na azumi da kwanakin jigilar alhazai, jirgi yana iya yin layi a sama kafin a ba shi damar sauka, ya sauka kuma ya yi doguwar tafiya a ƙasa kafin ya sami wurin tsayawa. Kamfanoni sun san haka, shi ya sa suke ƙara ƴan mintuna a jadawalinsu. Idan matuƙi ya sanar cewa tafiyar awa huɗu da minti biyar ce alhali tikiti ya nuna huɗu da minti arba'in, shi lokacin sama kaɗai yake faɗa.

Sai agogo, wanda shi ne ya fi komai jawo gardama. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da ke jikin tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Idan an rubuta tashi Kano 12:00 na rana, sauka Jidda 6:30 na yamma, ba awa shida da rabi ba ce: a cire biyu, saura huɗu da rabi. A dawowa, tashi Jidda 12:00, sauka Kano 2:45, a ƙara biyu, awa huɗu da minti 45 ke nan. Alhajin da ya ce bai yi awa uku ba a dawowa agogon bango ya karanta. Matsalar da wannan yake haifarwa ta wuce musu. Ƴan'uwa sukan je tarbar mutum a filin jirgi awa biyu kafin lokaci ko bayan lokaci saboda wani ya ƙara ko ya rage abin da kamfani ya riga ya lissafa. A dawowa, lokacin sauka da ke kan tikiti agogon Kano ne, kada a taɓa shi. Wani kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne na jirgin tsakar dare: tikitin da ya nuna 00:40 ranar Talata yana nufin a je filin jirgi ranar Litinin da daddare. Wanda ya bari sai ranar Talata da daddare zai tarar jirginsa ya tashi tun kusan awa 24 da suka wuce.

Ƴan kasuwar Kantin Kwari da Wambai masu zuwa Dubai da Sin sun fi kowa shan wannan ruɗani, domin Dubai tana gaba da awa uku, Sin da awa bakwai. Masar kuma tana canza agogonta: gaba da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi tun da ta dawo da tsarin a 2023. Mai canza jirgi a Alƙahira ya dogara da agogon da ke jikin allon filin jirgi, kada ya dogara da na hannunsa.

Yanzu iska, wadda ita ce dalilin da zuwa da dawowa ba sa zama daidai ko an gyara agogo. Jirgi yana tafiya ne a cikin iska, ita kuma iskar tafiya take yi, kamar kwale-kwale a kogi: mai bin ruwa da mai tunkararsa ƙarfin tuƙinsu ɗaya, amma ba za su iso tare ba. A ce jirgi yana keta iska da gudun kilomita 870 a awa. Idan iska mai gudun 80 tana bayansa, yana cin ƙasa da 950, ya gama 3,400 cikin awa uku da minti 35. Idan tana gabansa, 790 yake ci, awa huɗu da minti 18. Bambancin ya haura minti arba'in, a jirgi ɗaya da hanya ɗaya.

Iskar da ake magana a kanta ba wadda muke ji a ƙasa ba ce. A hunturu, iskar ƙasa tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, amma can sama a ƙafa 35,000, a kan Sahara da arewacin Bahar Maliya, iska mai ƙarfi daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, kuma a tsakiyar zirinta takan wuce kilomita 200 a awa. Hanyar Jidda tana bin gefen kudu na wannan ziri, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu zuwa yakan fi dawowa sauri. A damina al'amarin yana juyawa. Daga Yuni zuwa Satumba wata iska daga gabas take mamaye saman yankinmu, sai mai dawowa Kano ya sami turi, mai tafiya ya sha turjiya. Tun da watannin Musulunci suna matsowa da kwana goma sha ɗaya a kowace shekara, jigilar alhazai tana zagayawa cikin waɗannan yanayi, kuma abin da mahajjacin wata shekara ya gani ba lallai ne ya zama abin da na bayan shekara goma zai gani ba.

Akwai masu cewa ai juyawar duniya ce take kawo bambancin, wai ƙasa tana gudu a ƙarƙashin jirgi. Duniya tana juyawa gabas, a daidai Kano da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, amma tana juyawa ne tare da iskar da ta lulluɓe ta da jirgin da ke cikin iskar. Da ba haka ba, da babu jirgin fasinja da zai taɓa isa Jidda, tun da garin zai riƙa guje masa da ninkin gudunsa.

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan cewa jirgi zai miƙe. Ba kasafai yake miƙewa sosai ba. Sama tana da hanyoyi da aka tsara, daga wata alama zuwa wata, kuma kowace ƙasa tana da iko da sararinta. Jirgi yana barin hannun jami'an NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ya shiga hannun na Njamena, su miƙa shi gaba. Masu tafiya gabas suna bin tsayi mara, irin ƙafa 35,000 da 37,000, masu zuwa yamma suna bin cika, 36,000 da 38,000, don kada a yi gaba da gaba. Idan tsayin da matuƙi yake so wani ya riga shi, sai ya haƙura da na ƙasa, ya ƙona mai fiye da yadda ya so. A yanayi na lafiya waɗannan karkace-karkacen ƴan mintuna kawai suke ƙarawa.

Yaƙi shi ne yake ƙara awanni. A watan Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, ana saura ƴan makonni a fara jigilar alhazan wannan shekara. Sudan kuwa ita ce babban yankin da layin Kano zuwa Jidda yake ratsawa. Dole jirage suka kauce, ko dai ta arewa su ɓullo ta Masar, ko ta kudu su zagayo ta gabashin Afirka su hauro ta Habasha. Kowane ƙarin kilomita 850 awa guda ce, ga mai, ga kuɗin ratsa sararin ƙarin ƙasashe. Tafiyar awa huɗu da rabi ta koma shida zuwa bakwai a wasu hanyoyin, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗin kujera. A watan Agustan wannan shekarar Nijar ma ta rufe nata sararin bayan juyin mulki, jiragen da ke zuwa Turai daga Najeriya suka koma zagaye. Don haka adadin da shafin lissafin nisa yake nunawa na zaman lafiya ne. Abin dogaro shi ne lokacin da kamfanin ya buga a tikitin ranar da za a yi tafiyar.

Yanayin Kano kansa yana da nasa hannu, amma ya fi taɓa lokacin tashi fiye da tsawon tafiya. Hazo shi ne babba. Ƙurar da take tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi tana iya rufe gari har a daina hango abin da ya wuce ƴan ɗaruruwan mita. Kowane titin jirgi yana da mafi ƙarancin nisan gani da aka yarda a sauka da shi, gwargwadon na'urorin da ke ƙasa da na jirgin da horon matuƙi. Idan gani ya gaza haka, jirgin da zai kwashi fasinja ba zai sauka ba. Zai yi ta kewaye yana jira, in abin ya ƙi ya wuce Abuja ko wani filin. Fasinja yana zaune a Kano yana ganin rana ta fito ja, yana cewa ai ba ruwa ba iska, me ake jira? Jirgin ne bai iso ba. A damina hadari ne, wanda kansa yakan wuce tsayin da jirage suke bi. Ba a keta shi, kewaye shi ake yi da tazarar gomman kilomita, kuma yawanci da yamma yake haɗuwa. Mai son rage haɗarin jinkiri a watan Yuli da Agusta ya zaɓi jirgin safe.

Bazara kuma nauyi take taɓawa. Filin Kano yana kan tudun da ya kai kimanin mita 470 daga teku, zafin Afrilu yana haura digiri 40, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, don haka injin ba ya ba da ƙarfinsa duka, fiffike ma yana buƙatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga. Babban titin mita 3,300 ne, amma jirgin da ya cika da fasinja da kaya da man doguwar tafiya da tsakar rana yana iya kaiwa iyakar nauyin da aka yarda masa. Man ba ya raguwa, domin doka ta wajabta na tafiya, da ƙarin kariya, da na zuwa wani filin idan na farko ya ƙi, da na kewayen minti 30 a ƙarshe. Abin da ake ragewa kaya ne. Wannan yana cikin dalilan da jaka takan biyo mai ita a jirgin baya, kuma yana cikin dalilan da aka fi son ɗaga manyan jirage da dare ko da asuba. Titin da kansa yana kwance ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, lambarsa 06 da 24. Jirgi iska yake fuskanta idan zai tashi, saboda haka a hunturu yakan tashi ta 06, hancinsa kusan yana kallon Jidda. A damina yakan tashi ta 24, ya ba wa gabas baya, sai ya yi kwana.

Tikitin da ya fi araha sau da yawa mai yada zango ne, kuma nan ne lissafi yake sauyawa gaba ɗaya. Kano zuwa Alƙahira kimanin kilomita 3,100 ce, daga can zuwa Jidda wajen 1,200, jimla 4,300. Ta Addis Ababa kuwa 3,300 da 1,400, jimla 4,700. Ga rabin awar hawa da sauka sau biyu, ga zaman jira a tsakani. Tafiyar takan kama daga awa tara zuwa sama da goma sha biyar. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin sauka da tashi na biyu. Ƙasa da awa ɗaya da rabi ganganci ne ga mai tashi daga Kano a lokacin hazo, kuma idan tikiti biyu ne daban aka yanka ba ɗaya ba, kamfani na biyu ba ruwansa da jinkirin na farko: kujerar ta tafi, sai an sayi wata. Ga dattijo ko mai ciwon ƙafa, bambancin kuɗin da wuya ya biya wahalar kwana a kan kujerar filin jirgi.

Gudun jirgi yana shafar ibada ta hanyoyi biyu da ya kamata a sani tun a gida. Na farko harami. Jirgi yana cin kilomita 14 zuwa 15 a kowane minti, saboda haka wanda ya jira sanarwar miƙati sannan ya tashi neman jakarsa a sama, ya shiga layin banɗaki, kafin ya fito an bar wurin da sama da kilomita ɗari. Mai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye gara ya yi wanka ya ɗaura tun daga Kano, ya bar niyya zuwa inda malaminsa ya nuna masa. Mai fara sauka Madina ba shi da wannan gaggawa, domin a Zul Hulaifa zai ɗauki harami. Na biyu rana. Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin digiri 30 na zagayen duniya, kowane digiri minti huɗu ne na rana, awa biyu ke nan. Mai tafiya gabas yininsa yana gajarta, lokutan salla suna riskarsa da wuri, mai azumi kuma yana shan ruwa kafin mutanen gida. Mai dawowa da rana azuminsa yana tsawaita da kusan haka. A tsayin ƙafa 35,000 rana tana jinkirin faɗuwa da minti goma ko fiye idan aka kwatanta da garin da ke ƙasa, don haka taga ake dubawa, ba jadawalin waya ba.

Wanda zai tsara ranarsa ya haɗa duka: awa uku kafin tashi a filin Malam Aminu Kano don awon kaya da duba fasfo, awa huɗu da rabi a jirgi idan hanya a buɗe take, awa ɗaya zuwa uku a Jidda wajen jami'an shige da fice da jiran jaka, ya danganta da cunkoso, sannan kimanin kilomita 100 a mota zuwa Makka, awa ɗaya da rabi in ba a tsaya ba. Daga ƙofar gida a Fagge ko Gwammaja zuwa masauki kusa da Harami, awa goma sha ɗaya zuwa sha biyu ne a rana mai sauƙi, agogo kuma zai nuna sha uku zuwa sha huɗu.